Yadda Ake Karanta Alƙaluman Dabbobin Gwaji na Birtaniya

Kowace shekara Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya tana fitar da rahoto a kan dabbobin da aka yi amfani da su wajen binciken kimiyya, bisa tanadin dokar da aka kafa a 1986. Duk mai son gane ko abin yana raguwa ko ƙaruwa, ɗalibi ne ko ɗan jarida, sai ya fara sanin me ake ƙirgawa kafin ya dubi jimla.

Abin da rahoton yake ƙirgawa shi ne ayyukan gwaji, ba kawunan dabbobi ba. A ma'anar dokar, aikin gwaji shi ne duk abin da zai iya jawo wa dabba zafi ko wahala daidai da sukar allura a hannun ƙwararren likitan dabbobi, ko fiye da haka. Saboda haka dokin da ake ɗibar jininsa lokaci bayan lokaci yana iya shiga lissafi fiye da sau ɗaya, alhali doki ɗaya ne. Idan ka ga an rubuta miliyan 2.68 a 2023, ka karanta shi a matsayin yawan ayyuka, sannan ka tuna cewa adadin ya shafi Ingila da Sukotland da Wales ne kawai, domin Ireland ta Arewa tana fitar da nata daban.

Bayan nan ka raba jimlar gida biyu, domin a nan ne masu karatu da yawa suke ruɗewa. Kashi ɗaya gwaje-gwaje ne na ainihi, kamar gwada magani ko nazarin cuta. Ɗaya kashin kuwa, wanda ya kusan kai rabi, samarwa ne da kiwon dabbobin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, akasarinsu ƙananan ɓeraye da kifaye. Ɓeran da aka haifa da irin wannan sauyi yana shiga lissafi ko da ba a ƙara yi masa komai ba. Hauhawar kiwon nan ce ta ɗaga jimlar har ta kai miliyan 4.14 a 2015, kafin ta fara sauka.

Wajen kwatanta shekaru kuma, a kula da 2014. Daga wannan shekarar aka koma ƙirga ayyukan da aka kammala maimakon waɗanda aka fara, aka kuma soma bayyana tsananin wahalar da dabba ta sha a zahiri: mai sauƙi, matsakaiciya, mai tsanani, wadda ba ta kai mizanin allura ba, da kuma aikin da ake yi duka cikin maganin barci ba tare da dabbar ta farka ba. A ganina wannan jadawalin ya fi jimlar amfani, tunda jimla tana iya sauka yayin da kason wahala mai tsanani yake nan yadda yake. Shekarar 2020 ma ba ma'auni ba ce mai kyau, saboda kullen annobar korona ya tsayar da ayyuka a ɗakunan gwaji da dama.

Ka dubi jadawalin nau'in dabbobi ma. Ɓeraye da kifaye da tsuntsaye su ne mafi rinjaye, su kuwa karnuka da kyanwoyi da dawakai da birai, waɗanda doka ta ba kariya ta musamman, ba su wuce kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar ba. Dabbobin da aka kiwata don bincike amma aka kashe su ba tare da an yi musu gwaji ba, ba sa cikin wannan rahoto. Ƙidayar musamman ta 2017 ta nuna sun kai kimanin miliyan 1.8.

Kada a jera adadin Birtaniya kusa da na Amurka kai tsaye. Dokar kula da jin daɗin dabbobi ta Amurka ta 1966 ba ta haɗa da ɓerayen da tsuntsayen da aka kiwata don bincike ba, haka nan kifaye, don haka rahoton Ma'aikatar Noma ta ƙasar yana barin mafi yawan dabbobin gwaji a waje. Idan kwatancin ƙasa da ƙasa ake buƙata, alƙaluman Tarayyar Turai, waɗanda ake tattarawa bisa dokar 2010, su ne suka fi kusa da tsarin Birtaniya.