Kitsen jiki da sukarin mai juna biyu: yadda za ki kiyaye

Kitse ba ajiya ba ce kawai, yana fitar da homon, wato sinadaran da ke kai saƙo ga sassan jiki, a cikin jini. Biyu daga ciki sun shafi mai ciki sosai. Adifonektin shi ke taimaka wa tsoka da hanta su ji umarnin insulin, homon ɗin da ke sauke sukari, su ɗebe sukari daga jini, amma yana raguwa idan ciki ya tsufa, kuma dama mai ƙiba nata kaɗan ne. Leftin kuwa ƙaruwa yake yi, domin mabiyiya ma tana samar da shi. Idan aka haɗa da homon ɗin mabiyiya da kumburin da kitsen tumbi ke jawowa, a watannin ƙarshe ƙarfin aikin insulin kan ragu da kusan rabi.

Wannan ba cuta ba ce, dabara ce ta bar wa jariri sukari. Matsala tana zuwa ne idan jikin uwa ya kasa ƙara yawan insulin don cike gibin. Nan ne ciwon sukari na ciki ke bayyana, sau da yawa ba tare da wata alama ba.

Don haka ki yi gwaji tsakanin mako na 24 da na 28. Idan kina da ƙiba, ko kin taɓa haifar jariri mai kilo 4 ko fiye, ko akwai ciwon a danginku, ki nemi a duba ki tun farkon awo. Kwana uku kafin gwajin ki ci abinci yadda kika saba. Rage cin sitaci na iya ɓata sakamakon. Ki kwana ba ci na awa 8 aƙalla, ruwa kawai. Za a ɗebi jini, ki sha ruwa mai gilukos giram 75, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. Ki zauna wuri ɗaya, domin yawo yana sauke sukari. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013, idan ko ɗaya daga sakamakon ya kai 5.1 mmol/L (ma'aunin sukari a jini) kafin sha, 10.0 bayan awa ɗaya, ko 8.5 bayan awa biyu, an tabbatar.

Idan ya tabbata, abin da ake nema a na'urar auna sukari ta gida shi ne ƙasa da 5.3 mmol/L da safe kafin ci, da ƙasa da 7.8 awa ɗaya bayan cin abinci. Ki wanke hannu ki busar kafin ki huda yatsa. Ɗan zaƙi a fata kan ɗaga lamba.

Kada ki yi wa kanki horon yunwa don narkar da kitse, ciki ba lokacinsa ba ne. Ki raba sitaci zuwa ci uku da ɗan taɓawa biyu ko uku, ki haɗa da ganye da furotin, ki bar lemon kwalba. Karin kumallo ya fi son taka-tsantsan, domin da safe jiki ya fi bijire wa insulin. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan kowane ci tana aiki sosai, saboda tsoka mai motsi na zuƙar sukari ko da insulin ya yi rauni. Mai ƙiba sosai kilo 5 zuwa 9 ya ishe ta ƙarin nauyi a duk cikin. Mai matsakaicin jiki, 11.5 zuwa 16.

Idan mako ɗaya ko biyu lambobi ba su sauka ba, likita zai ƙara allurar insulin ko ƙwayar maganin metfomin. Bayan haihuwa, ki sake gwaji tsakanin mako na 6 da na 12.