Yadda ake haska shuka a ɗaki da fitilar LED mai araha

Tun da aka ga na'ana'a na tsiro a ɗakina a Unguwar Rimi, tambaya ta ƙi ƙarewa. To, ga shi:

1. Sayi fitilar LED mai farin haske, 6500K (lambar da ke nuna launin haske mai kama da na rana). Ba sai mai tsada ba.
2. Rataya ta santimita 20 zuwa 30 sama da ganye.
3. Kunna ta awa 12 zuwa 16.
4. Kashe ta da dare.

Hattara: nan ake kuskure. Kada ka bar ta kwana a kunne, shuka ma tana son duhu.

5. In tsiron ya yi siriri yana miƙa wuya, sauko da fitilar kaɗan.
6. In an ɗauke wuta, kai tukunyar bakin taga.
7. Goge ƙurar hunturu daga jikin fitilar da busasshen tsumma.