Idan kun ga "balm" a jikin man shafawa

'Yan uwa, kalmar "balm" da ke jikin ƙananan gwangwanayen nan tana nufin man shafawa mai kauri da ke sanyaya fata ko rage raɗaɗi. Yawancin Turawa ba sa furta harafin L ɗin, "baam" suke cewa.

Bambancinsa da kirim, shi yawanci babu ruwa a cikinsa, mai ne da kaki. Shi ya sa yake daskarewa, sai an dangwala da yatsa ɗumin jiki ya narkar da shi.

A riƙa duba kalmar da ke tare da ita. "Lip balm" na leɓe ne, maganin tsagewar hunturu. Irin su Tiger Balm kuwa akwai kafur da mentol a ciki, na ciwon jiki ne. Kada a shafa shi kan rauni ko kusa da ido, kuma don Allah kada a sa wa jariri a hanci, kafur haɗari ne gare shi.

Mai son haɗa nasa, cokali 1 na kakin zuma, 4 na man kwakwa, a zuba a kwano a ɗora cikin ruwan zafi su narke. A kiyaye kada ruwa ya ɗiga ciki, in ya shiga hunhuna zai yi.