Darasi na 9: Kayan da muke saye, daga ina suka fito, ina za su ƙare?

Karatu

Duk kayan da ke cikin ɗakunanmu sun sha tafiya kafin su iso hannunmu. An haƙo wani abu a ƙasa ko an noma shi, an kai masana'anta, an yi lodi a jirgin ruwa, manyan motoci sun ɗauko daga Lome ko Kwatano, tafiyar sama da kilomita 1,000, har zuwa Babbar Kasuwar Yamai ko Wadata. Mun saya, mun more shi, mun yar. A kowane zango kayan yana cin wani abu: ruwa, mai, itace, ko lafiyar masu aikinsa. Mai shago ba ya sa wannan cikin farashin da yake faɗa mana, amma ana biyansa, kuma sau da yawa mu ne masu biyan.

Don haka mai sayen kaya ya riƙa yi wa kansa tambayoyi uku: Da me aka yi shi? Sau nawa zai yi mini aiki? In ya mutu, ina za shi?

Baƙar leda

Da ɗanyen man fetur ko iskar gas ake yin leda. Ita ce mafi araha a kasuwa, shi ya sa mai tumatur yake ba da ita kyauta. Aikinta daga kasuwa zuwa gida ne, abin da bai wuce rabin awa ba. Daga nan sai ta shiga shekaru masu yawa ba ta ruɓa ba. Rana tana ƙona ta, tana kakkaryewa ƙanana-ƙanana, tana cakuɗewa da ƙasar gona, amma ba ta zama taki.

Ga abin da ya faru a wani gida ranar layya, lokacin da mahauci yake gyaran rago.

Mahauci ya ce, "Hajiya, zo ki gani."

Ta leƙa. Ya tsaga tumbi, ya zaro wani dunƙule baƙi, a murɗe, mai tauri, ya kusa kai girman kan yaro.

Ta ce, "Subhanallahi! Malam Mahauci, mene ne wannan?"

Ya ce, "Leda ce, Hajiya. Ya ci ta da gishiri da man da suka maƙale mata. Shi ya sa kika ga yana cin dusa amma ba ya ƙiba. Wurin abinci ya cike."

Ta ce, "Wata shida ina sayen harawa da ƙowa, ashe asara nake yi."

Mahautan Yamai sun saba ganin haka a cikin shanu da tumaki da awakin da ake saki suna kiwo a juji. Ledar da dabba ba ta ci ba, iska tana kwasarta ta rataya a kan ƙaya, ko ta cusa ta a magudanar ruwa. Da damina sai ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a ƙofar gida, sauro ya hayayyafa, zazzaɓin cizon sauro ya kama yara. Ledar da ta tsira kuma ta bi kwarin Gunti Yena da ya ratsa Yamai ta faɗa kogi, inda masunta da masu lambu suke neman abinci.

Ƙona ta ma ba mafita ba ce. Hayaƙinta guba ne ga huhu. Ƴan uwa mata, don Allah a daina kunna wuta da leda. Gaskiya tana kama itace da sauri, musamman in ya jiƙe, amma mai hura wutar da jaririn da ke bayanta su ne farkon masu shaƙar hayaƙin. Tsinken kara da busasshiyar ciyawa sun wadatar. Haka kuma koko da tuwo masu zafi, kwano ya fi dacewa da su.

Ƙasarmu Nijar ta yi doka a kan leda. Doka mai lamba 2014-63, ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da irin wannan siririyar leda. Duk wanda ya shiga kasuwa yau ya san ba a bi dokar yadda ya kamata ba. Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya ta bi a 2017, kuma an ga canji a titunansu, wato abu ne mai yiwuwa. Kada kuma mu dogara da cewa wani zai tsince ta ya sake sarrafawa: a duniya baki ɗaya, robar da ake sake sarrafawa ba ta kai kashi 10 cikin 100 na wadda ake zubarwa ba.

Kwandon kaba da jakar yadi su ma ba kyauta suka zo ba. An yanko kaba daga goruba, auduga kuma tana shan ruwa da maganin ƙwari sosai. Wanda ya sayi jakar yadi ya yar bayan mako ɗaya bai gyara komai ba. Fifikon kwando shi ne zai je kasuwa sau ɗari, sau ɗari biyu, in ya tsufa kuma ya ruɓe ya koma ƙasa. Yawan aikin da kaya ya yi kafin ya mutu shi ne babban ma'auni.

Pil da batir

Ƙaramin pil na tocila da rediyo, jikinsa tutiya ne, cikinsa akwai baƙin gari da sanda ta gawayi. In ya ƙare aka bar shi a tsakar gida, sai ya kumbura, ya fara tsattsafo da wani farin abu mai cin fata. Yara suna fasa shi da dutse don su ciro sandar, wasu har baki suke kai ta. Wasu manya ma suna kwaɓa baƙin garin su shafe allon makaranta da shi. A bar wannan. A tara matattun pil cikin gwangwani mai murfi, a ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa, nesa da rijiya da randa. Kada a jefa su cikin wuta, suna iya fashewa.

Batirin mota da na babur da irinsa na sola ya fi haɗari, domin dalma ce a cikinsa da ruwan asid. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro a hankali, ba tare da iyaye sun lura ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko kaɗan ɗinta a jiki ba shi da aminci. A wata unguwa ta Tiyaroy, kusa da Dakar a Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda ana farfasa tsofaffin batura ana tace ƙasar wurin don a sami dalmar sayarwa, har cikin gidaje. Iyayen nan abinci suke nema wa ƴaƴansu, ba su san ƙurar kisa take ba. Wanda batirinsa ya mutu ya mayar wa mai sayarwa a rufe yadda yake, kada ya zubar da ruwan, kada ya fasa a gida.

Tukunyar Katako

Akwai kayan da ƙarshensu yake zama mafarin wani. A kasuwar Katako ta Yamai, maƙera suna sayen gwangwanin lemo da fasassun tukwane su narka. Yaro yana juya zugazugi, maigida yana danna jiƙaƙƙen yashi cikin akwatin katako har siffar tukunya ta fito, sannan a kwarara narkakken alminiyam yana ƙyalli. In ya huce a fasa yashin, a kankare baki, tukunya ta samu. Sabon alminiyam daga dutsen da ake haƙowa yake, irin wanda Gini Konakiri take da shi da yawa, kuma narkar da tsoho yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da yin sabo yake ci. Wannan sana'a abar girmamawa ce. Abin kiyayewa shi ne tarkacen injin mota da makamantansu, domin in aka haɗa su cikin narkin, dalma tana iya shiga tukunyar abinci. Mai saye yana da haƙƙin ya tambayi maƙeri da me ya zuba.

Tambayoyi

1. Me ya hana ragon Hajiya ƙiba?
2. A wace shekara Nijar ta yi dokar hana leda?
3. Me ya sa kwando ya fi leda, alhali shi ma an yanko kaba kafin a saƙa shi?
4. Ina ya kamata a ajiye mataccen pil?

Lissafi

A ce gida ɗaya yana karɓo leda 6 kowace rana. Leda nawa ke nan a kwana 365? In gidaje 40 ne a layinku, nawa ta zama?

A ce Malam Isa yana sayen pil na sefa 200, wato dala 40, kowane mako. Nawa yake kashewa a mako 52? Ku tambayo kuɗin fitilar sola a kasuwa, ku gwada da amsarku.

Aikin gida

Kowa ya zaɓi kaya ɗaya a gidansa: takalmin roba, bidon, salula, ko ledar ruwan sha. Ya rubuta sunan kayan a saman takarda da manyan baƙaƙe, ya rubuta amsar tambayoyin nan uku a ƙasa, jimla ɗaya ga kowace tambaya. Wanda bai san da me aka yi kayan ba ya tambayi mai shago ko mai gyara. A zo da takardar da kayan kansa a darasi mai zuwa, ban da pil da batir.