Kafin allurar barci a ƙasar waje: amfanin manhajar hira da iyakarta

A asibitocin Ingila, Amurka, Kanada da sauransu, yawancin ƙananan ayyukan tiyata irin su gyaran ƙaba, cire yanar ido, cire ƙarin nama ko leƙa ciki da kyamara, a yini guda ake gama su. Ka shiga da safe, ka kwana a gidanka. Saboda ba za a kwantar da kai a sa maka ido ba, sai aka ɗora nauyin a kan tantancewar da ake yi tun kwanaki kafin ranar aiki: a aiko maka da fom ta waya, ko nas ta kira ka, ko a ba ka rana ka je da kanka. Daga amsoshinka ne likitan sa barci zai yanke irin maganin da ya dace da jikinka, har ma ya duba ko ka cancanci komawa gida a ranar.

Ɗan'uwa sabon zuwa, a nan matsalarka ta bambanta da ta 'yan ƙasa. Su galibi fayil ɗinsu yana cikin kwamfutar asibiti. Naka ya tsaya a inda ka fito. Duk abin da likita zai sani game da kai, daga bakinka zai fito, cikin harshen da watakila ba ka gama saba da kalmominsa na asibiti ba. Shi ya sa tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, mutane da yawa suka koma tambayar manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira. Ban ga laifin hakan ba, muddin an san aikin da za a ba su.

Aikinsu mai kyau shi ne shirya ka. Ka ce manhajar ta yi maka bayanin kowace tambaya da ke cikin fom da sauƙaƙan kalmomi. Ka ce ta yi maka tambayoyi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda nas za ta yi, sannan ta tattara amsoshin a shafi guda da harshen ƙasar da kake. Ka ɗauko kwalayen magungunanka, ka rubuta sunan sinadarin da ke ƙasan sunan kamfani, domin magani ɗaya yakan sauya suna daga ƙasa zuwa ƙasa. Ranar tantancewa kuma ka zuba kwalayen a jaka ka tafi da su, nas ta gani da idonta.

Akwai abubuwan da na fi so ka tabbatar sun shiga wannan shafi. Na farko sikila. Idan kana da ita, ko kana ɗauke da rabinta, ko ba ka taɓa yin gwaji ba, ka faɗa. Ƙarancin iskar numfashi, sanyi da bushewar jiki suna iya tayar da ciwon, kuma ɗakin tiyata da azumin kafin aiki suna iya haɗa ukun. Haka ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, wanda ya yawaita a mutanen da asalinsu Afirka ne, yana hana a ba mutum wasu magunguna. Sai tarihin dangi: ka kira iyaye ko yayyenka ka tambaya ko akwai wanda ya taɓa shiga tiyata zazzaɓi mai tsanani ya rufe shi a kan gado, ko ya daɗe bai iya numfashi da kansa ba. Waɗannan abubuwa ne da ake gado, kuma idan likita ya sani tun da wuri, yana da wasu magungunan da zai yi amfani da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, manhaja ba ta da hanyar sanin wannan sai ka gaya mata.

Kada ka ɓoye maganin gargajiya, jiƙo ko ƙwayoyin ƙarin lafiya. Wasu suna tsinka jini, wasu suna ƙara wa maganin barci ƙarfi, shi ya sa likitoci sukan ce a dakatar da su kamar mako biyu kafin aiki. Taba, shisha da duk abin da mutum yake sha a ɓoye ma haka. Likitan ba hukunci zai yi maka ba, lissafin magani yake yi. Minshari kuma ba abin kunya ba ne a wannan wuri. Akwai jerin tambayoyi takwas da ake kira STOP-BANG, waɗanda aka samar a Toronto a 2008, don gano masu ɗaukewar numfashi cikin barci. A ciki har da kaurin wuya, shekaru sama da 50 da hawan jini. Wanda yake kwana kusa da kai ya fi ka sanin amsar wasu daga ciki. 'Yar'uwa kuma, idan akwai yiwuwar juna biyu, ki sanar.

Inda nake jan kunne shi ne hukunci. Tun 1941 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka take da ma'aunin lafiyar majinyaci, wanda yau yake da mataki 6: na 1 lafiyayye, na 2 mai ciwo mara tsanani, na 3 mai ciwo mai tsanani, haka har sama. Manhaja za ta iya ce maka kai ɗan mataki na 2 ne, cikin kalmomi masu daɗi da kwantar da hankali. Amma ba ta taɓa ganinka ba. Likita zai ce ka buɗe baki ka zaro harshe ya leƙa maƙogwaro, ya sa yatsunsa ƙarƙashin haɓarka, ya ce ka ɗaga kai sama, ya tambayi haƙorin da yake girgiɗi, ya saurari ƙirjinka. Da wannan yake gane ko bututun numfashi zai shiga cikin sauƙi, abin da babu yawan rubutun da zai nuna shi. Ga kuma halin waɗannan manhajoji na ƙirƙiro amsa su faɗe ta da cikakken tabbaci, musamman idan da Hausa aka yi tambayar, domin abin da suka koya da ita kaɗan ne.

Shawarar likitoci ma tana sauyawa. Magungunan suga da rage ƙiba irin su Ozempic suna sa abinci ya daɗe a ciki. A 2023 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta ba da shawarar a tsallake allurar mako guda kafin tiyata, a 2024 kuma aka fitar da sabuwar shawara cewa yawancin mutane za su iya ci gaba da ita, a duba kowa da halinsa. Manhaja tana iya ba ka tsohuwar ko sabuwar ba tare da ka sani ba. Don haka kada ka dakatar da maganin tsinka jini, na suga ko na hawan jini don waya ta ce. Ka kira lambar da ke jikin wasiƙar asibiti.

Batun azumi ma haka yake. Ƙa'idar da aka saba ita ce awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa, kuma madara a lissafin abinci take. Idan takardar asibitinka ta faɗi wani abu daban, ita za ka bi, in ba haka ba za a iya ɗage aikin.

Idan asibiti ne da kansa ya aiko maka da manhajar tantancewa, ka cike ta, domin amsoshin suna zuwa hannun ma'aikatan lafiya. Ta kasuwa irin ChatGPT kuwa, kada ka sa mata cikakken sunanka, ranar haihuwa, lambar asibiti ko hoton takardunka.

Kada kuma manhaja ta sa ka yafe tafinta. A asibitocin gwamnati na Ingila kyauta ake samar da shi, a Amurka ma doka ta wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su taimaka wa wanda bai iya Turanci sosai ba. Ka nema tun ranar da aka ba ka lokaci, domin samun mai jin Hausa yakan ɗauki kwanaki. Sannan ka tanadi babban mutum da zai ɗauko ka ya kwana tare da kai, don ba a yarda ka tuƙa mota ko ka sa hannu a muhimmiyar takarda ba har awa 24 bayan maganin barci. Idan ba ka da kowa tukuna a garin, ka gaya wa nas tun ranar tantancewa, su san shirin da za su yi maka.