Kurakuran da suke ɓata wa mai keke tafiya a kwaruruka da dazuzzukan Faransa

Wanda ya buɗe taswirar kudu maso yammacin Faransa ya ga kogin Lot da na Dordogne suna lanƙwasa tsakanin gonaki da ƙauyuka, zai ɗauka tafiyar keke a can shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa a gefe, inuwa a sama. Wannan zaton shi ne kuskuren da ya haifi sauran. Kogin yana ƙasa ne, cikin kwarin da ya yanka a dutse, amma hanyoyin keken daji ba sa zama a bakinsa. Sukan bi gaɓa na ɗan lokaci, sai su juya su haura saman tudun duwatsun da Faransawa ke kira causse, wanda a wurare da yawa ya ɗara kogin da mita 200 ko fiye, sannan su gangaro, su sake hawa. Mutum ya duba takarda ya ga kilomita 30, ya ce ai kafin azahar na dawo, bai lura da lambar da ke gefe ba, wadda ke nuna jimillar mitocin da zai hau. Kilomita 30 mai hawan mita 900 aikin yini ne ga wanda bai saba ba. Gyaran kuwa mai sauƙi ne: ka fara karanta lambar hawan kafin ta nisa, kuma ka nemi taswirar IGN, hukumar zana taswirori ta Faransa, mai ma'aunin 1:25,000. Inda ka ga layukan tudu sun matsu da juna, to ka san ƙafarka za ta gaya maka.

Daga nan sai alamomin hanya, waɗanda baƙo kan bi duk wadda idonsa ya fara faɗawa a kai. Fentin ja da fari a jikin bishiya ko dutse na doguwar hanyar masu tafiya a ƙafa ne, wadda ake kira GR, kuma tana iya kai ka matakalar dutse inda sai dai ka saɓa keken a kafaɗa. Alamar masu keken daji daban take: 'yar kusurwa uku da ƙwallaye biyu a gindinta kamar tayoyi, bakin kusurwar yana nuna inda za ka nufa. Rawaya ce a gajerun zagaye, ja a dogayen hanyoyi irin wadda ta ratsa tsaunukan Massif Central tun daga Avallon har bakin teku a Cap d'Agde, tafiyar kusan kilomita 1,400. Wahalar kowane zagaye ma da launi ake faɗa, daga mai sauƙi zuwa mai wuya: kore, shuɗi, ja, baƙi. Kada girman kai ya sa ka fara da ja. Idan kuma ka ga alamar an gicciye ta, ka kauce hanya, ka juya. In ka yi tafiya mai ɗan tsawo ba ka ga fenti ba, koma inda ka ga na ƙarshe ya fi ci gaba da kame-kame.

Babban abin da baƙo ke mantawa shi ne dajin nan yana da masu shi. Kusan kashi uku cikin huɗu na dazuzzukan Faransa mallakar mutane ne, hukumar gandun daji ta ONF kuma tana kula da na gwamnati da na ƙananan hukumomi. Hanyar da kake bi sau da yawa alfarma ce mai gona ya yi, kuma yana iya janye ta. Allon da aka rubuta propriété privée, wato mallakar wani, ba ado ba ne. Ƙofar shingen da ka tarar a rufe, ka rufe ta bayan ka wuce, domin a saman tudun Quercy, yankin da kogin Lot ya ratsa, tumaki ne a ciki, fararen nan masu baƙin zagaye a ido kamar sun sa tabarau. Siririyar wayar da ke kewaye da makiyaya kuwa akwai lantarki a jikinta, tana da mariƙin roba da ake cirewa a mayar.

Maganar tumaki ta kawo ta kare. Tun da kyarkeci ya dawo Faransa a 1992, makiyaya sun ƙara ajiye manyan fararen karnukan gadi da ake kira patou, musamman a tsaunukan Alps da Pyrenees. Kuskuren shi ne a taka feda a gudu, ko a ratsa tsakiyar garke. Gudu yake sa karen ya bi ka. Ka tsaya, ka sauka, ka sa keken tsakaninka da shi, kada ka zuba masa ido ko ka ɗaga sanda. Bar shi ya shinshina ya gamsu, sannan ka tura keken ka zagaye garken daga nesa.

Abin da ya fi kare haɗari shi ne farauta. Daga Satumba zuwa ƙarshen Fabrairu lokacinta ne a mafi yawan ƙasar, ta aladen daji ma a wasu yankuna takan fara kafin haka ta kuma zarce. Lokacin nan ne dajin ya fi kyau, zafi ya sauka, ganye ya yi ja, shi ya sa masu keke ke tururuwa. Maharba sukan yi layi a gefen daji da riguna ruwan lemo, karnuka suna koro dabba zuwa gare su, kuma bindigoginsu masu cin nisa ne. A Oktoban 2018 harsashin wani maharbi ya kashe wani ɗan Birtaniya yana kan kekensa a dajin Montriond, a yankin Haute-Savoie. Saboda haka idan ka ga allo a bakin hanya an rubuta chasse en cours, wato ana cikin farauta, ba wurin jarumta ba ne, ka sauya hanya. In ka riga ka shiga kafin ka ji haushin karnuka da ƙaho, kada ka ɓuya ko ka yi shiru. Ka ɗaga murya, ka nufi maharbin da ya fi kusa ka tambaye shi ta ina za ka fita. Ka sa riga mai ƙyalli, ka bar baƙa da ruwan ƙasa a gida, kuma tun da safe ka leƙa ofishin magajin gari ka tambayi inda za a yi farauta, musamman Asabar da Lahadi.

Ruwa kuma ta fuska biyu yake yaudara. A saman tudun babu shi. Dutsen farar ƙasa ne mai ramuka, ruwan sama yana zurarewa ya koma kogunan ƙarƙashin ƙasa, irin wanda masu yawon buɗe ido ke sauka su gani a ramin Padirac. Kana iya hango kogi a ƙasa alhali gorarka ta bushe. Ka ɗauki fiye da abin da kake zato za ka sha. Masu keken Faransa suna da wata dabara da kowa ya sani: kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo kusa da ƙofa, na ban ruwan furanni, nan suke cika gora. Sai dai ka duba, in an rubuta eau non potable, ba na sha ba ne.

A ƙasa cikin kwari kuwa matsalar yawansa ce. Saman kogin Dordogne jere yake da madatsun ruwa na lantarki, irin su Bort-les-Orgues da Chastang, kuma idan aka saki ruwa kogin kan tashi ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Tsibirin tsakuwar da ka zauna cin abinci yana iya rabuwa da gaɓa kana kai. A yankin Cévennes da Ardèche, ruwan kaka kan sauko kamar da bakin ƙwarya, rafin da ka tsallaka da safe ya zama abin tsoro da la'asar. Ka duba shafin Vigicrues mai nuna tashin koguna da na Météo-France mai hasashen yanayi kafin ka fita. Ko ruwan bai kai ambaliya ba, fita washegarin mamako asara ce: yumɓun gindin kwari yana danƙarewa a taya har ta daina juyawa, kamar yadda taɓon fadama ke riƙe amalanke a tsakiyar damina, jiƙaƙƙen farin dutse kuma santsi gare shi.

A kan irin wannan gangara ce birki ke kayar da mutane. Keken haya na zamani birkinsa na mai ne, yatsa ɗaya ya ishe shi, kuma a Faransa na hagu shi ne na gaba. Wanda ya damƙe shi da hannu duka sai ya tsinci kansa a gaban keken. Ka gwada su a fili tukuna. A gangara ka sauke sirdi, ka tashi tsaye a kan feda, ka mayar da nauyinka baya kaɗan, ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Hular kwano doka ta wajabta wa yara 'yan ƙasa da shekara 12 tun 2017, amma babban da ya bar ta a daji ya yi wa kansa. Sa abin sauraro a kunne kana tuƙi kuma laifi ne tun 2015.

Ƙauyen Faransa yana da agogonsa. Gidan burodi da kanti sukan rufe da tsakar rana, da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin ko yammacin Lahadi, wasu ƙauyukan ma ba kanti ko ɗaya. Ka yi guzuri tun da safe. Musulmi kuma ya tambaya kafin ya saya, domin naman alade yana shiga abubuwa da yawa da ba a ganinsa a ido, musamman wainar ƙwan nan da ake kira quiche. Burodi, cukun akuya na Rocamadour da 'ya'yan itacen Périgord masu ɓawo da ake kira noix sun isa su riƙe ka. Mai gyaran keke ma sai gari, don haka tub, famfo, faci da mahaɗin sarƙa su kasance a jakarka. Cikin kwazazzabo waya takan rasa sabis, ka sauke taswira tun a masauki, ka gaya wa wani inda ka nufa. Lambar neman agaji 112 ce.

Da ka dawo masauki, kafin wanka, ka duba jikinka saboda kaska: bayan gwiwa, cinya, hammata, bayan kunne. Kaskar dazuzzukan can tana ɗauke da cutar Lyme, ƙanananta kuma ba su wuce ƙwayar gero ba. Kada ka zuba mata mai ko ka ƙona ta. Kowane kantin magani mai koren gicciye yana sayar da 'yar ƙugiyar roba da ake cusawa a ƙarƙashinta a murza ta fito da kanta. Ka rubuta ranar, in kuma ka ga jan zagaye yana faɗaɗa a wurin cikin makonnin da suka biyo baya, ka je wurin likita.