Yadda ake ba kyanwa marar lafiya ƙwayar magani

Da farko, a mayar da paracetamol cikin kwaba. Na sha ganin mutum ya tarar magensa ta yi laushi, sai ya ɓalli ƙwaya ya ba ta don tausayi. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani kamar tamu, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe ta. Dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Ibuprofen ma guba ne gare ta, haka maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin permethrin. Abin da likitan dabbobi ya rubuta bayan ya auna nauyinta, shi kaɗai za ka ba ta.

Haɗa kayanka kafin ka kama ta: ƙwayar, sirinji marar allura cike da ruwa, da tawul ko tsohon zani. Naɗe ta tsaf har wuya, ƙafafu huɗu a ciki. Ni durƙusawa nake yi a ƙasa in sa ta tsakanin gwiwoyina, bayanta na jingine da ni, domin kyanwa da baya take zillewa. Kan tebur wahala ce kawai.

Ɗora hannun hagu a kanta, babban yatsa a kunci ɗaya, manuniya a ɗayan. Ɗaga hancinta ya kalli sama, za ka ga muƙamuƙin ƙasa ya saki da kansa. Da yatsan tsakiya na dama ka danna ƙananan haƙoran gaba na ƙasa, ba fiƙa ba, ka jefa ƙwayar can gindin harshe, a tsakiya. Masu farawa kan ajiye ta a bakin harshe saboda tsoron cizo, ita kuwa ta riƙe a kunci, sai ka tsince ta bayan ƙofa. Rufe bakin, sauke kan, ka shafa maƙogwaro a hankali. In ta lashi hanci, galibi ta haɗiye.

Sai ruwa, kuma a nan ni na yi kuskure. An rubuta wa muzuruna doxycycline, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, na riƙa ba shi a bushe ina murna ya haɗiye. Bayan kwanaki ya fara dawo da abinci da zarar ya ci, miyau na dalala. Ashe ƙwayar maƙalewa take yi a hanyar abinci tana ƙona wurin, kuma irin wannan ƙuna kan warke da tabon da ke tsuke hanyar. Kuɗin jinyar ya ninka na maganin sau da yawa. Tun daga lokacin ba na ba da ƙwaya sai na bi ta da ruwa kamar mililita 5. Ta gefen baki ake sa sirinjin, a giɓin da ke bayan fiƙa, kai a miƙe, kaɗan kaɗan tana haɗiya. In ka ɗaga kanta ka tsiyaya gaba ɗaya, huhu ruwan zai nufa. Maganin ruwa ma haka ake ba da shi.

Ɓoyewa a abinci dabara ce in tana ci: ɗan dunƙulen kifin gwangwani, ba kwano guda ba, kada ta tsani abincin. Kada ka niƙa ƙwaya sai ka tambayi likita, wasu rufinsu na da aiki. In ta yi kumfa a baki bayan magani mai ɗaci irin metronidazole, ɗacin ne.

Bitamin na mutane kuwa a bar shi, haka tafarnuwa da albasa, su biyun suna lalata mata jini. Ciyar da ita hanta kullum ma illa ce, bitamin A yana yi mata yawa. Ka ƙarasa kwanakin maganin ko ta warware. In ta kwana biyu ba ta ci komai ba, koma asibitin dabbobi. In ta cije ka, wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ka je asibiti ranar.